Motar gida: ta wa ce, kuma wa zai biya in ta yi ɓarna?

A gidaje da yawa na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, mota guda ce ke ɗauke da zuri'a guda. Ita ke kai mai naƙuda asibitin Galmi da tsakar dare, ita ke kwaso buhunan albasa daga garka, ita ke kai 'yan ɗaurin aure Tawa. Sau da yawa ba mutum ɗaya ya saye ta ba. Wa da ke biɗa a Abijan ya aiko da kaso mafi tsoka, na gida ya sayar da bijimi ya ƙara, uwa ta cika da kuɗin adashinta. Sai a riƙa ce mata motar gida, kuma muddin ana zaune lafiya wannan suna ya wadatar.

Ranar da aka yi hatsari, ko rasuwa, ko saɓani, tambayoyi biyu ke tasowa, mu kuwa mukan cakuɗa su. Ta farko: motar ta wa ce? Ta biyu: wa zai biya ɓarnar da ta yi? Amsar ta farko tana ga dokar mallaka da hukuncin gado. Amsar ta biyu tana cikin kundin dokar inshora na CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, ya fara aiki ranar 15 ga Fabrairu 1995. Nijar na aiki da shi tare da Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi, Senegal, Togo, Kamaru da wasu ƙasashe. Da Faransanci aka rubuta shi, kuma ba a karanta shi a tasha. Abin da ke iso mana shi ne abin da direba ya ji daga ɗan kamasho, shi kuma ya ji daga wani da abin ya taɓa shafa. A irin wannan isar da saƙo, gaskiya takan iso rabi, ta bar rabin da ya fi amfani a hanya.

"Wanda sunansa ke kan kart giriz shi ne mai mota, magana ta ƙare"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa maganar ta kama. Kart giriz takarda ce ta hukuma wadda ke ba mota izinin hawa hanya, ta kuma nuna wanda hukuma za ta nema in motar ta yi laifi. A gaban alƙali hujja ce mai ƙarfi, domin da ita ake fara zaton mallaka. Amma zato ne da ake iya rushewa da wata hujja: takardar saye, rasidin kuɗin da aka aiko, shaidun da suka halarci ciniki, ko yarjejeniya a rubuce. Mutum na iya zama mai suna a takarda alhali bai sa ko dala ba, wani kuma ya biya kuɗin duka sunansa bai fito ko'ina ba.

Mun ɗauki wannan takarda a matsayin ƙarshen zance ne saboda ita kaɗai muke ganin ana tambaya. A shingen Tsarnawa jandarma yakan karɓi ledar takardu, ya duba kart giriz, ya duba asurans, wato inshora, da binyat ta harajin mota, ya miƙo. Bai taɓa tambayar wa ya biya kuɗin mota ba, domin ba aikinsa ba ne. Shekara da shekaru muna ganin haka, har muka saba.

Haɗarin yana kan wanda ya sa kuɗi ba tare da wata shaida ba. A ce 'yan'uwa uku sun haɗa kuɗi, aka sa sunan na gida saboda shi ke kusa da ofis. In bashi ya hau shi, masu bin bashi za su dubi motar a matsayin dukiyarsa. In ya rasu, 'ya'yansa da matansa za su lissafa ta cikin abin da ya bari, kuma ba zalunci suka yi niyya ba, abin da suka gani a takarda ke nan. A lokacin, nauyin kawo hujja yana wuyan sauran biyun. Ƙaramin rasidin Nita ko Al Izza da aka yar tun shekaru biyar, ranar nan ake nemansa ruwa a jallo.

"Tsakanin 'yan'uwa ba a rubutu, rubutu rashin yarda ne"

Wannan ita ce uwar sauran, kuma mun san inda ta fito. Kunya ce da kara. Ƙane ba ya iya duban yayansa ya ce, "Yaya, mu sa hannu." Ɗa ba ya neman rasidi wurin mahaifinsa. Waɗannan halaye ne na kirki da suka riƙe gidajenmu tun kaka da kakanni, ba abin raini ba ne.

Sai dai rubutun ba don waɗanda suka yi yarjejeniyar kaɗai ake yin sa ba. Ana yin sa ne don waɗanda ba su nan lokacin da aka yi ta: matar da za a aura gaba, yaron da ke goye yau, alƙalin da bai san kowa a gidan ba. Su ba su ga amanar da ke tsakanin wa da ƙane ba, abin da aka bar musu kawai za su gani. Addininmu ma ya riga mu sanin haka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai masu amana aka yi umarnin.

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta lambar mota da lambar jikinta, nawa aka saye ta, nawa kowa ya sa, sunan wa ke kan kart giriz kuma don me, wa ke biyan gyara da inshora, yadda za a raba kuɗin da ta samo in tana aiki, da yadda za a yi in wani yana son fita. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, da shaidu biyu, a kai ma'aikatar magajin gari a tabbatar da sa hannun, ko a je wurin notar in dukiyar na da yawa. Kowa ya riƙe kwafinsa.

Mata su ne suka fi cutuwa da wannan kunya. Hajiya mai sana'a takan sayi mota da guminta, ta ce a sa sunan Alhaji don girmamawa. A shari'a dukiyar mace tata ce, aure bai maida ta ta miji ba. Amma in aka rabu, ko ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha biyar, kalmarta ita kaɗai ce za ta tsaya gaban takarda mai hatimi. Babu abin da ya hana a yanka kart giriz da sunan mace, ko tana tuƙi ko ba ta yi.

"Asurans ta wanda ya yanke ta ce, in ƙane ya ja motar ba ta aiki"

Ba haka ba ne. Sashe na 200 na kundin CIMA ya wajabta inshora a kan duk abin hawa mai inji, har da babur da adaidaita, ya kuma ce dole yarjejeniyar ta rufe alhakin wanda ya yanke ta, da na mai motar, da na duk wanda ke riƙe da ita ko yake tuƙa ta, ko da ba a ba shi izini ba. Waɗanda aka cire su ne masu sana'ar gyara, sayarwa da binciken motoci, domin su dole ne su yanki tasu inshorar ta sana'a. Saboda haka in ƙane, ko ɗa, ko suruki mai farmi, wato lasisin tuƙi, ya ja motar gida ya buge wani a Dogarawa, kamfani ne ke da alhakin biyan wanda aka buge.

Dalilin wannan tsari a fili yake. An wajabta inshorar mota ne don kare mutumin da ke gefen hanya, shi kuwa ba ruwansa da wanda ke riƙe da sitiyari. Ruɗanin ya zo ne daga kwatanta ta da farmi, wanda na mutum ɗaya ne, ba a ara. Illar wannan jita-jita ba ƙarama ba ce: bayan hatsari akan ga iyali suna rige-rigen cewa mai sunan ne ke tuƙi, alhali ba shi ba ne. Sun yi ƙarya a gaban hukuma don gudun matsalar da babu ita, sun jawo wadda ta fi ta.

Inda ya kamata mu ji tsoro shi ne wajen yaron da ba shi da farmi. Sashe na 207 ya ba kamfani damar cire irin wannan tuƙi daga abin da ya ɗauka. Sashe na 210 ya ce duk da haka ba za a hana wanda aka buge haƙƙinsa ba: kamfani zai biya shi, sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa wurin mai alhakin. Wato uban da ya miƙa wa ɗan shekara goma sha shida makulli don ya kai kaya bakin kasuwa, ya jingina dukiyar gidan ne ba tare da ya sani ba. In kuwa ɗaukar motar aka yi ba da sanin mai ita ba, kamfani kan bi wanda ya ɗauka.

"In 'yan gida ne suka ji rauni, kamfani ba ya biya"

Wannan kuskure ya sa iyalai da yawa sun bar haƙƙinsu. Sashe na 200 ɗin nan ya faɗa ƙarara cewa dangin direba da dangin mai inshora ana ɗaukarsu kamar kowane mutum na waje. In mota ta kife a hanyar Badagishiri, uwar direba da matarsa da 'ya'yansa da ke ciki suna da haƙƙin diyya kamar baƙon da aka rage wa hanya. Mukan ji nauyin nema ne domin muna ganin kamar ƙarar ɗan'uwa aka kai. Ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba, daga kamfanin da aka biya don wannan rana suke fita.

Wanda inshorar dole ba ta rufe ba shi ne direban kansa, kamar yadda sashe na 206 ya nuna, haka ma ita motar. In gaba ya lotse, injin ya fashe, gyara na kanmu, sai fa in wata mota ce ke da laifi, inshorarta ta biya. Mai son a rufe direba, ko sata, ko gobara, ko lalacewar motar, sai ya nemi ƙari ya biya kuɗinsa daban. A gidan da mutum huɗu ke karɓa-karɓar tuƙi, ƙarin da ke rufe direba ya cancanci a tambayi farashinsa, domin sau da yawa mai tuƙin shi ne mai ciyar da gidan.

Sai batun lodi. Motar mutum biyar da aka cusa wa goma sha ɗaya, wasu a but, ta fita daga sharaɗin ɗaukar mutane cikin aminci. Nan ma za a biya waɗanda suka ji rauni, sannan kamfani na iya dawowa kan mai alhaki.

"Motar gida ce, don an ɗauki fasinja ranar kasuwa ba kome"

Da kome. Kuɗin inshora ya danganta da aikin da aka ce mota za ta yi. Ta zirga-zirgar gida kuɗinta daban, ta dakon kaya daban, ta haya daban, domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Sashe na 208 ya ba kamfani damar cire fasinjan da ya biya kuɗin mota daga yarjejeniyar da ba ta haya ba. Sashe na 12 kuma ya ɗora wa mai inshora sanar da kamfani cikin kwana 15 in wani sabon abu ya ƙara haɗarin. Wanda ya ɓoye gaskiya da gangan lokacin yankan takarda, sashe na 18 ya ce yarjejeniyarsa ta ɓaci, kuɗin da ya biya kuma sun zama na kamfani. In kuskure ne ba da niyya ba, sashe na 19 ya ce a rage abin da za a biya daidai da giɓin kuɗin.

Abin da ke sa wannan ya fi shafar motar gida shi ne, mai yankan takarda daban, mai aiki da motar daban. Alhaji ya ce ta gida ce, kuma gaskiya ya faɗa a ranar. Bayan wata uku ƙanensa ya ga motar na zaune, ga tsadar mai, ya fara jigila tsakanin Ƙonni da Malbaza don ta ciyar da kanta. Babu wanda ya yi niyyar ha'inci, kuma babu wanda ya koma ofis.

Mu mutanen bakin iyaka akwai wani sharaɗi da ya kamata mu sani. Sashe na 208 ya kuma bari a cire ɓarnar da ta faru lokacin da mota ke ɗauke da kaya masu kama wuta, in kayan sun jawo hatsarin ko sun ƙara masa muni. An yi rangwame ga mai da fetur da bai wuce kilo 500 ko lita 600 ba, har da wanda ke cikin tanki. Lita 600 jarka 24 ke nan ta lita 25. Motar da aka cire wa kujerun baya aka shaƙe da jarkoki ta wuce wannan iyaka, kuma sunan da ke kan takardunta na wani dattijo ne da ke gida yana jan carbi.

"Na sayar wa ƙanena, asurans na bin motar har ta ƙare"

A nan ne aka fi faɗawa rami, saboda takardar da ke manne a gilashi tana nuna saura wata bakwai. Sashe na 41 ya ce in mota ta bar hannun mai ita, da sayarwa ko da kyauta, inshorarta na tsayawa da kanta a rana ta biyar da ƙarfe goma sha biyun dare. In ba a je an farfaɗo da ita ba, kuma ba wanda ya soke ta, bayan wata shida ta mutu gaba ɗaya. Dole ne mai sayarwa ya sanar da kamfani kwanan watan da ya sayar. Dokar ba ta ware ciniki tsakanin dangi ba. Motar da ke yawo bayan kwana biyar ɗin nan ba ta da inshora, ko da shinge goma ta wuce ba a tsare ta ba.

Muna ganin kamar ba abin da ya canja ne domin motar na kwana a ƙofar gida ɗaya. Amma aro daban, sayarwa daban. Aro bai taɓa inshora ba, kamar yadda muka gani. Sayarwa na canja mai dukiya, kamfani kuwa da mutum ya ƙulla yarjejeniya.

Haka batun sauya suna a kart giriz. Gudun kuɗin sauyi ya sa akwai motocin da suka wuce hannu huɗu suna ɗauke da sunan mutumin farko, wanda wataƙila ya rasu ko ya koma Yamai. In motar ta buge mutum aka gudu, ko aka kama ta da haramtaccen kaya, ƙofarsa ko ta magadansa za a fara ƙwanƙwasawa. Wanda ya sayar ya riƙe takardar sayarwa mai kwanan wata da sa hannun mai saye, ko da ɗan ɗakinsu ne.

"Baba ya rasu, mota ta babban ɗa ce tun da shi ke tuƙa ta"

Tuƙi ba ya mallakarwa. A Nijar kotuna na bin al'adar masu shari'a a harkar aure, gado da kyauta, mu kuwa a wannan yanki al'adarmu ta gado ita ce hukuncin Musulunci bisa mazhabar Malikiyya. Mota na shiga cikin abin da mamaci ya bari kamar gona da shanu. Bayan hidimar jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan a raba: matan aure su raba ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, uwa ta sami ɗaya bisa shida, uba ma haka in yana raye, saura 'ya'ya su raba, namiji rabon mata biyu. Tun da mota ba ta yankuwa, akan yi mata kuɗi, mai so ya biya sauran, ko a sayar a raba, ko a bar ta ta haɗin gwiwa da yardar kowa. Yardar kowa ta haɗa da ta 'yan mata da ke gidajen aure a Tajaye ko Sakkwato, da haƙƙin marayun da ba su balaga ba.

Akan ji ɗa ya ce, "Ai Baba ya ba ni ita tun yana da rai." Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma a Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu, kuma Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta yi bayanin haka. Ga ɗan da dama can shi ke tuƙa mahaifinsa, ta yaya za a bambance riƙon direba da riƙon mai kyauta? Shaidu da sauya suna a takarda ne ke raba gardama. Uban da ke son ba wani ɗa mota ya yi haka yana da lafiya, a gaban mutane, kuma ya tuna da umarnin yin adalci tsakanin 'ya'ya.

Wani abin da ba a cika sani ba: rasuwa ba ta kashe inshora. Sashe na 40 ya ce tana ci gaba don amfanin magada, da sharaɗin su cika abin da mamacin ya ɗauka, kuma in suna da yawa biyan kuɗin na kansu duka. Abin da ya rage shi ne a yi taron dangi, a naɗa wakili, a karɓo takardar shaidar magada daga kotu, a Ƙonni ko a Illela, sannan a kai wa kamfani da ofishin sufuri a gyara suna.

"Takardar da muka yanka a Ƙonni ta isa har Sakkwato"

Illelar Najeriya na nan ƙofar Ƙonni, kuma da yawanmu muna da dangi a can, shi ya sa ba ma jin mun bar ƙasa. Amma sashe na 204 ya shimfiɗa inshorar dole ne a kan ƙasashen CIMA, Najeriya kuwa ba ta ciki. Don cike wannan giɓi aka kafa katin inshora mai ruwan ƙasa na CEDEAO, da yarjejeniyar Kotonu ta 29 ga Mayu 1982. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, don haka kafin a ƙetara, mai mota ya je wurin kamfaninsa ya tambayi takardar da ke rufe shi a can, ya ga sunan ƙasar a rubuce da idonsa. Haka motar da ke ɗauke da lambar Najeriya tana zaune a gidanmu: takardun can ba su maye gurbin na duwan, wato kwastan, da na inshorar nan.

"Asurans haram ce, don haka a sami ko wace takarda a nuna wa jandarma"

Damuwar masu wannan magana tana da tushe. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci na ɗauke da garari mai ɓata ciniki, ta kuma halatta ta taimakon juna, wato takaful, irin wadda aka fara a Sudan a 1979. CIMA ma ta fitar da ƙa'idar takaful a 2019. Malamai da yawa kuma sun yi sauƙi kan inshorar da hukuma ta tilasta, saboda lalura. Wannan fage na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa.

Abin da ba ya bin bayan wannan damuwa shi ne sayen takardar bogi. Ita ha'inci ce a fili, kuma wanda za ta cuta shi ne marayan mutumin da aka buge. Shari'a ba ta yafe diyyar kisan kuskure ba, ta ɗora ta ne a kan dangin wanda ya yi, su haɗu su biya. Gidan da ya ƙi inshora ta gaskiya ya tambayi kansa ko ya shirya ɗaukar wannan nauyi.

"Kamfani ba ya biya, gara a sasanta a gida"

Ba za mu ce wannan ƙorafi ba shi da dalili ba. Biyan diyya kan yi jinkiri, manyan ofisoshin kamfanoni suna Yamai, sama da kilomita 400 daga Ƙonni, kuma ma'aunin diyyar an ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, don haka abin da ake samu kan gaza abin da aka zata. Talakan da ya yi zarya sau uku ya gaji, labarinsa kuma ya fi yaɗuwa a kan na wanda aka biya shiru. Amma in aka bi diddigi, da yawa daga fayilolin da suka maƙale sun lalace ne tun ranar farko, a hannunmu.

Na farko, biyan kuɗi. Tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. A motar gida, inda kowa ke zaton ɗan'uwansa ya biya, takan ƙare ba wanda ya lura, ko a ba yaro kuɗi ya kai wa wani mai tebur a bakin tasha. Takardar da ke cikin mota zato kawai take bayarwa cewa akwai inshora. A yanka wurin kamfani ko wakilinsa da aka sani, a karɓi rasidi da kwafin yarjejeniya, a sa mutum ɗaya ya riƙe ranar ƙarewa.

Na biyu, sanarwa. Yarjejeniya na sa wa'adin kai rahoton hatsari, doka ta ce kada ya gaza kwana biyar na aiki, na sata kuwa awa 48. Mu kuwa mukan shafe makonni ana kai-komo tsakanin dattawa, sai sulhu ya watse a tuna da kamfani.

Na uku, shi kansa sulhun. Zuwa gaida majinyaci, biyan kuɗin magani na gaggawa, zuwa ta'aziyya da dattawa, duk wajibin mutunci ne, kada a fasa. Amma doka ta ba kamfani damar sharɗanta cewa alkawarin biya ko amsa laifin da aka yi ba da saninsa ba bai hau kansa ba. Wanda ya ɗauki alkawarin miliyan biyu a zauren mai gari yana iya biya shi kaɗai. Kuma in an janye motoci kafin jandarma ko 'yan sanda su zo su yi awo su rubuta rahoto, an rasa takardar da duk fayil ɗin ke tsayawa a kanta. Raunin da aka raina ranar hatsari, aka karɓi jika hamsin aka yafe, yakan zama gurguntaka bayan wata shida.

Na huɗu, takardun iyali. In an yi rasuwa, kamfani zai nemi takardar mutuwa, ta shaidar magada, ta aure, da takardun haihuwar 'ya'ya, domin da su ake tantance mai haƙƙi da rabonsa. A ƙauyukanmu da yawa ba a yanke su ba. Wanda ba shi da su yana iya neman hukuncin kotu da ke maye gurbinsu, da shaidu biyu, kuma ana iya yin haka tun yau ba sai an jira hatsari ba.